Ciwon da ya ƙi tafiya bayan aikin jijiyar haƙori: a sake buɗewa, a yanke bakin saiwa, ko a cire?

Yayata malamar firamare ce a Darazo, kuma a damunar bara aka yi mata aikin jijiya a turminta na sama ta ɓangaren dama, a wani ƙaramin asibitin haƙori mai zaman kansa a nan cikin garin Bauchi. Aikin shi ne wanda ma'aikatan asibiti ke kira rut kanal, wato a huda haƙori, a kwashe jijiyar da ta lalace, a wanke cikin saiwa, sannan a toshe. Sau biyu ta je, zugin da ke hana ta barci ya lafa, aka liƙa mata farin ciko na wucin gadi aka ce ta dawo. Ganin ta samu sauƙi, ga makaranta ga kuɗin mota, sai ba ta koma ba, kuma babu wanda ya zaunar da ita ya gaya mata cewa cikon nan na 'yan makonni ne kawai. Bayan wata huɗu ta kira ni da daddare ta ce, "Auta, haƙorin nan fa ya dawo, ko masa na tauna a wajen sai na ji kamar an soka mini allura, ga wani ɗan ƙurji a dasashi yana fitar da ruwa mai wari." Na ce, "Yaya, me kike sha?" Ta ce mai kemis ya ba ta Ampiclox da Flagyl, kuma wannan ne karo na uku.

Abin da na fahimta a zirga-zirgar da muka yi bayan wannan dare shi ne na ga ya dace in shimfiɗa, domin mutane da yawa suna tsaye a wannan mararraba, kuma mafi yawansu suna yanke shawara ne cikin zafin ciwo, lokacin da babu abin da mutum ke so illa a raba shi da haƙorin.

Da farko ya kamata a bambance ciwon da yake na al'ada da wanda ya wuce gona da iri. Saiwar haƙori tana zaune ne cikin ƙashi, a naɗe da wata siririyar tantani mai rai, kuma ko da an kwashe jijiyar ciki, wannan tantanin yana nan yana ji. Kayan aikin likita da ruwan wanki sukan taɓa shi, shi ya sa haƙorin kan yi tsami idan an ciza, na kwana biyu zuwa mako guda, wani lokaci ya ɗan zarce. Alamar wannan ciwo ita ce kullum raguwa yake yi, kuma farasitamol ko ibuprofen suna kwantar da shi. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai juna biyu, kada su sha ibuprofen sai da izinin likita, kuma babba ba ya wuce giram 4 na farasitamol a yini. Akwai kuma ciwon da tudun ciko ke haddasawa: idan cikon ya fi sauran haƙora tsayi ko da kaurin gashi ne, duk lokacin da aka rufe baki shi ne ke fara karɓar bugu. Wannan gyaran minti biyar ne, a ciza wata 'yar takarda mai launi, likita ya ga inda ya yi tudu ya goge shi. Mutum ya tabbata an duba wannan kafin a yi masa maganar wani babban aiki.

Ciwon da ke buƙatar shawara shi ne wanda ya haura mako biyu ko uku bai sauka ba, ko ya tafi sarai sannan ya dawo bayan watanni, ko ya zo da ƙurji a dasashi, ko ɗanɗanon mugunya a baki, ko haƙorin ya fara girgiɗa. Akwai kuma yanayin da babu zancen kwatanta zaɓi a cikinsa, sai dai a ɗauki mutum a nufi asibiti ko da tsakar dare ne: kumburin da ya hau zuwa ƙarƙashin ido, ko ya gangara ƙarƙashin muƙamuƙi da haɓa ya yi tauri, da zazzaɓi mai zafi, da kasa buɗe baki, da wahalar haɗiyar yawu ko numfashi. Kumburin ƙasan baki yana iya tura harshe baya ya toshe maƙogwaro, kuma yana saurin gaske ga mai ciwon suga. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi da Asibitin Koyarwa na Tarayya a Gombe duk suna da sashen haƙori da tiyatar fuska da muƙamuƙi, kuma irin waɗannan wurare ne ya kamata a nufa kai tsaye.

Hanyar da kusan kowa ke fara bi ita ce ta Yaya, wato kafso. Ina so a fahimci dalilin da ya sa ba ta kai mutum ko'ina. Maganin da aka haɗiya jini ne ke ɗaukarsa ya kai shi inda ciwo yake, shi kuwa haƙorin da aka kwashe wa jijiya babu jinin da ke shiga cikinsa kuma. Ƙwayoyin cutar da suka maƙale a cikin saiwa suna zaune a ɗakin da magani ba ya shiga. Abin da kafso ke yi shi ne ya rage waɗanda suka fito cikin ƙashi da nama, kumburi ya sace, ƙurji ya bushe, mutum ya ɗauka ya warke, alhali mafarin yana nan. Bayan makonni sai abu ya dawo, a sake saye, ciki ya ɓaci, ƙwayoyin cuta su saba da maganin, ƙashin da ke bakin saiwa kuma yana ta zaizayewa a ɓoye. Magungunan nan suna da ranarsu, idan kumburi ya bazu ko zazzaɓi ya shigo, kuma likita ne zai rubuta su tare da aikin da zai cire mafarin cutar. Kanumfari da ruwan gishiri mai ɗumi suna sanyaya dasashi, amma iyakarsu ke nan. Ƙurjin da ke fashewa ya koma ma yaudara ce, domin mugunya ta samu hanyar fita ne, shi ya sa zafin ke raguwa.

Saboda haka zaɓin gaskiya uku ne, kuma ba a iya auna su sai an san abin da ya hana aikin farko nasara. Likitan da muka je wurinsa daga baya ya ƙwanƙwasa haƙorin da maƙwabtansa da bayan madubinsa, ya taɓa kowanne da auduga mai sanyi, ya zura wani siririn ƙarfe mai awo yana zagaya dasashi, sannan ya ɗauki hoto sau biyu ta kusurwa daban-daban. Da ya ɗaga hoton ya nuna mana wani baƙin tabo kamar ƙwayar wake a bakin saiwa ɗaya, ya ce, "Malama, turmin nan saiwa uku gare shi, amma hanyoyin da ke cikinsa huɗu ne, uku aka cike." Wannan sanannen abu ne: turmin farko na sama yana da hanya ta huɗu a fiye da rabin mutane, siririya ce ƙwarai, tana ɓuya a saiwar gaba ta wajen kunci, kuma tana cikin abubuwan da aka fi tsallakewa. Sauran dalilan sun haɗa da cikon da bai kai ƙarshen saiwa ba, da tsinken aiki da ya karye a ciki, da yoyon yawu ta sama idan ciko ya faɗi ko an bar na wucin gadi ya daɗe, sai kuma mafi muni, wato tsagewar saiwa.

Zaɓi na farko shi ne a sake aikin. Ana buɗe haƙorin ta inda aka shiga da farko, a zare tsohon cikon saiwa, wanda wata roba ce mai launin ja-ja da ake samu daga ƙaron wata bishiya ta yankin Maleshiya, a nemo hanyar da aka bari, a wanke da ruwan magani dangin bilic, sau da yawa a zuba wani farin magani a rufe na mako ɗaya ko biyu, sannan a sake cikewa. Amfaninsa babba ne, domin yana zuwa har inda cutar take, babu yanka, kuma mutum ya tsira da haƙorinsa na asali, wanda ke jin nauyin abin da yake taunawa ta yadda na ƙarfe ko na roba ba za su taɓa ji ba. Nazarce-nazarcen da aka tattara sun nuna kusan kashi uku cikin huɗu na haƙoran da aka sake wa aiki suna warkewa, kuma damar ta fi yawa idan an gano takamaiman kuskuren da za a gyara, kamar na Yaya. Tana raguwa idan tabon ƙashi ya yi girma, ko aikin farko ya karkatar da hanyar ko ya huda gefen saiwa.

Nauyinsa kuma ba ƙarami ba ne, kuma gara a faɗe shi tun kafin a zauna a kujera. Sake aiki ya fi na farko wuya, yakan ci zuwa biyu ko uku, kowanne da ɗan tsawo. Idan an riga an sa wa haƙorin hula, wato murfin da ake kifa wa haƙori ya rufe shi gaba ɗaya, sai an huda ta ko an cire, kuma tana iya lalacewa. Kowace buɗewa tana ƙara cin jikin haƙorin. Sannan aikin bai kammala ba sai an yi ciko na dindindin an ɗora hula, musamman a turame, domin turmin da aka rarake cikinsa yana iya darewa gida biyu a kan aya ko ƙashin tsire. A nan ne mutanenmu suka fi yin asara, sai a biya kuɗin jijiya, ciwo ya tafi, a ɗage hula zuwa bayan salla, daga nan zuwa bayan girbi, har ranar da haƙorin zai tsage a rasa shi gaba ɗaya. Wanda zai zaɓi wannan hanya ya tambayi kuɗin sake aiki da na hula a haɗe, ya lissafa kuɗin mota idan daga Ningi ko Misau ko Alkaleri yake zuwa, ya kuma lissafa ranakun da zai bar aiki ko kasuwa. Mai inshorar lafiya ta NHIA ya tambaya tun farko abin da ta ɗauka da abin da zai biya daga aljihunsa.

Akwai abin da nake ganin majiyyaci yana da haƙƙin tambaya ba tare da jin nauyi ba. Shin wanda zai yi aikin likitan haƙori ne mai rajista da MDCN, hukumar da ke kula da aikin likitoci da likitocin haƙori a Najeriya? Zai kewaye haƙorin da shimfiɗar roba don kada yawu ya shiga yayin aiki? Zai ɗauki hoto bayan ya gama ya nuna cewa ciko ya kai ƙarshen kowace saiwa? Idan a asibitin farko an riga an gwada sau biyu abu bai yi ba, neman ra'ayin wani likita ba cin fuska ba ne, kuma likitan kirki da kansa yake rubuta takardar turawa.

Zaɓi na biyu ƙaramar tiyata ce. Ana ɗaga dasashi, a buɗe 'yar taga a ƙashi, a kankare ruɓaɓɓen naman da ke bakin saiwa, a yanke kimanin milimita 3 na ƙarshenta, a toshe ta ta ƙasa, a ɗinke. Da allurar kashe wuri ake yi, mutum ya koma gida a ranar, fuska ta ɗan kumbura na kwanaki, a zare ɗinki cikin mako. Ta fi dacewa da haƙorin da aka kafa wa sanda a cikin saiwa aka ɗora hula mai kyau, wanda buɗe shi ta sama zai jawo ɓarna, ko wanda aka sake wa aiki yadda ya kamata amma tabon ya ƙi rufewa. A haƙoran gaba ta fi sauƙi. A turamen ƙasa akwai jijiyar da ke ba leɓe ji a kusa, a na sama kuma akwai kogon da ke gefen hanci, shi ya sa take buƙatar ƙwararren hannu. Ba ta maye gurbin wanki, don haka idan hanya guda ce aka bari cike da ƙwayoyin cuta, a ganina sake aiki ne ya kamata ya riga ta.

Zaɓi na uku shi ne cirewa, kuma ban yarda a riƙa kallonsa a matsayin gazawa ba. Shi ne mafi araha a ranar, zuwa ɗaya ne, kuma yana kawar da mafarin cutar baki ɗaya. Akwai yanayin da shi kaɗai ne amsa: idan saiwa ta tsage a tsaye, babu cikon da zai ɗinke ta, kuma duk kuɗin da aka zuba a kanta zubar da ruwa ne a rairayi. Likita kan zarge ta idan ƙarfensa na awo ya zurma a wuri ɗaya siriri a gefen haƙorin, ko ƙurjin ya fito kusa da wuyan haƙori maimakon can wajen bakin saiwa. Haka nan idan ruɓa ta cinye haƙorin har ƙarƙashin dasashi ta yadda babu abin da hula za ta kama, ko ƙashin da ke riƙe da shi ya zube yana ta lilo. Idan kuma haƙorin can ƙurya yake, na ƙarshe, babu abokin taunawa a ɗaya muƙamuƙin, cire shi ba ya rage wa mutum komai sosai.

Sai dai arahar cirewa tana da bashi a bayanta. Haƙorin da aka yi wa aikin jijiya yakan farfashe a hannun mai cirewa, har sai an tono guntayen saiwa, abin da ya sa bai kamata a miƙa shi ga masu cire haƙori na bakin kasuwa ba. Wasu kuma gudan jinin da ke rufe ramin yakan faɗi a kwana na biyu zuwa na huɗu, ƙashi ya zauna a buɗe da zugi mai tsanani, kuma masu shan taba sun fi faɗawa wannan. Bayan rami ya warke sai maganar giɓi ta taso. Ƙashin wurin yana motsewa, musamman a watannin farko, maƙwabtan haƙora suna kwantowa cikin giɓin a hankali, na ɗaya muƙamuƙin yana zarowa, abinci ya riƙa maƙalewa, tauna ta koma gefe guda. Cike giɓin kuma hawa-hawa ne. Haƙorin roba da ake cirewa a wanke shi ne mafi sauƙin kuɗi, yana rufe wawulo a gaba sosai, amma a turmi ƙarfinsa kaɗan ne, kilishi ya fi ƙarfinsa. Gada, wato haƙorin da ake ƙerawa a maƙala shi a jikin maƙwabtan giɓin, tana zama daram, sai dai dole a fiƙe haƙora biyu na gefe a sa musu hula, ko da lafiyarsu ƙalau. Dashe, inda ake kafa sandar ƙarfen titaniyam a ƙashi a jira wata uku zuwa shida ta kama kafin a ɗora haƙori, ba ya taɓa maƙwabta, amma shi ne mafi tsada nesa ba kusa ba, ba kowane asibiti ke yin sa ba, kuma yana son isasshen ƙashi, da suga da ke kan ƙa'ida, da barin taba. Idan aka haɗa kuɗin cirewa da na gada ko dashe, sau da yawa ya zarce na sake aiki da hula.

Kafin a yanke kowace irin shawara, akwai wata tambaya da ke iya rushe lissafin duka: shin daga wannan haƙorin ciwon yake? Haƙorin da aka kwashe wa jijiya gaba ɗaya ba ya jin sanyin ƙanƙara ko zafin shayi, don haka idan ruwan sanyi ne ke tayar da ciwon, ko dai akwai hanyar da aka bari da sauran rai a cikinta, ko kuma maƙwabcinsa ne ke ciwo. Saiwoyin turamen sama suna dab da kogon gefen hanci, kuma a lokacin hunturu, da ƙura ta cika gari mura ta yi yawa, kumburin wannan kogo yakan sa haƙora biyu ko uku su yi tsami a tare, ciwon ya ƙaru idan an sunkuya ko an yi sujada. Mai cije haƙora a barci yakan tashi da ciwon muƙamuƙi da ke sauka a turame. Akwai kuma ciwon jijiyar fuska, mai zuwa kamar wutar lantarki ko ƙuna, wanda hoto ba ya nuna komai a kansa. Bincike ya nuna kusan mutum 5 cikin 100 suna da sauran ciwo wata shida bayan aikin jijiya, kuma a cikin waɗannan akwai kaso mai yawa da ciwonsu ba daga haƙori yake ba. Irin wannan mutum idan aka cire masa haƙori, ciwon yana nan, ga giɓi ya ƙaru. Idan hoto ya fito fes, babu ƙurji, babu kumburi, ƙwanƙwasawa ba ta tayar da komai, to a dakata da filaya, a nemi a duba hanci da muƙamuƙi da jijiyoyin fuska tukuna.

Ra'ayina, bayan duk wannan, ya karkata ne ga sake aiki a duk inda abubuwa uku suka haɗu: saiwa ba ta tsage ba, akwai isasshen jikin haƙori da zai ɗauki hula, kuma mai shi yana da halin bin aikin har ƙarshensa. Idan ɗaya daga cikin na farko biyun ya rushe, a cire cikin lokaci tun ƙashi bai gama lalacewa ba. Idan na ukun ne ya gagara, kuma mutum ya san a ransa ba zai iya komawa sau uku ya biya hula ba, to cirewa a hannun likita ta fi masa alheri a kan rabin aiki da kafson kemis duk bayan wata biyu. Mai ciwon suga, ko wanda ake shirin yi wa babbar tiyata, bai kamata ya zauna da haƙori mai mugunya yana jinkiri ba, ko wacce hanya ya zaɓa.

Yaya ta zaɓi a sake. Ta zo sau uku daga Darazo, tana kwana a gidana, kuma a zuwa na farko ne aka samo hanyar nan ta huɗu. Kafin zuwa na biyu ƙurjin ya bushe ba tare da ta haɗiyi kafso ko ɗaya ba. An ɗora mata hula bayan 'yan makonni, wannan karon kuma ni na riƙe kuɗin hular a hannuna tun ranar farko. Likitan ya gaya mana cewa ƙashi ba ya cikowa da sauri kamar yadda ciwo ke tafiya, yakan ɗauki wata shida zuwa shekara kafin a ga canji sosai a hoto, wani tabon ma har shekara huɗu ake bibiyarsa. Hoton da aka ɗauka a wata na shida ya nuna baƙin tabon ya ragu ya koma kamar ƙwayar gero, an kuma ba ta ranar komawa idan shekara ta cika.